Giyar L4 a rairayin Mashi: yadda take aiki, da abin da bidiyon masu hawan dutse ba ya faɗa

Garin Mashi yana kan titin da ya haɗa Katsina da Daura, ƙaramar hukumarsa kuma ta miƙe arewa har iyakar Nijar. Muddin mota na bisa kwalta, babu mai tambayar irin giyar da ke cikinta. Tambayar tana tasowa ne idan an sauka an bi hanyar gona ko ta ƙaramin ƙauye, inda ƙasa jigawa ce: da rani rairayi mai laushi, da damina kuma ƙorama ta ci hanya ta bar yashi jibge. A irin wannan wuri ake yawan ganin Hilux ɗauke da buhunan gero ko wake ta kafe. Direba ya taka totur, ya riƙe kuloci rabi da rabi, tayoyin baya su yi ta haƙa rami, warin ƙonewa ya taso daga ƙarƙashin mota. Mai amalanke ya zo da shanunsa biyu, ya ratse gefe ya wuce abinsa. Sau da yawa idan aka leƙa cikin motar, za a ga wata gajeriyar sanda kusa da sandar giya, an rubuta mata H2, H4, N da L4, kuma tun da aka sayi motar ba a taɓa motsa ta ba.

A ɗaya gefen akwai matasan da suka san L4 sosai, amma daga waya. TikTok da YouTube cike suke da bidiyon Jeep da tsofaffin Toyota a Amurka suna hawa dutse kamar ƙadangare, wani lokaci ma direba ya fito ya bar mota tana rarrafe ita kaɗai, shi yana tafiya a gefenta. Saurayin da ya tara kuɗi ya sayi tsohuwar a-kori-kura domin jigilar kaya daga ƙauye zuwa kasuwar Mashi ko ta Mai'adua, idan ya ga wannan, dole ransa ya biya. Sai ya fara tambayar ko ita ma tasa za a iya yi mata wannan aikin. Ana iya yi. Sai dai a rairayi, aikin zai ƙwace masa giyoyin da ya fi buƙata, kuma lissafin da ke nuna haka bai fi ƙarfin kalkuletar waya ba.

Ninki uku tsakanin inji da taya

Inji yana juyawa da sauri, amma ƙarfin murɗawarsa kaɗan ne idan aka auna da nauyin da ake so ya ja. Duk mai babur ya san maganin wannan. Idan ƙaramin faifan kaca na gaba yana da haƙora 14, babban na baya kuma 42, sai na gaba ya juya sau 3 kafin tayar baya ta juya sau ɗaya. Gudu ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, ƙarfin murɗawa kuma ya ninka uku. Babu wani ƙarfi da aka ƙirƙiro daga sama. Musaya ce kawai, an ba da gudu an karɓi ƙarfin ja.

A mota ta gama-gari ana yin wannan musayar sau biyu: a giyabos, sannan a aksil, inda farfela ke haɗuwa da giyar da ke juya tayoyi. Mota mai jan ƙafa huɗu ta gaskiya tana da mataki na uku a tsakiya, wato akwatin da ke manne a bayan giyabos, wanda ake kira taransifa. Direbobi da makanikai a Najeriya sun fi saninsa da giyar ogzilari. Aiki biyu yake yi, kuma haɗa su wuri ɗaya ne ke rikita mutane. Na farko, yana raba ƙarfin inji zuwa farfelar gaba da ta baya. Wannan shi ne H4: tayoyi huɗu na ja, amma gudun kowace giya yana nan yadda yake. Na biyu, yana ƙara wani ninki a kan duk giyar da aka saka, har da ribas. Wannan shi ne L4. Wanda ya saka H4 ya ce ya saka ogzilari, rabin abin kawai ya taɓa.

Dabarar ta daɗe. Jeep ɗin Willys da sojojin Amurka suka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu tana da ita, da ninki kusan 2. Land Rover ta fito da ita tun 1948. Hilux ta fara fita a 1968, amma sai a 1979 aka yi mai jan ƙafa huɗu. A 1987 sojojin Chadi suka kori na Libiya daga arewacin ƙasarsu a bisa irin waɗannan a-kori-kura, har ake kiran wannan zango na rikicin da Yaƙin Toyota. A hamada aka yi shi, ba a kan kwalta ba.

Cikin akwatin iri biyu ne. Tsofaffin Hilux, daga 1979 zuwa tsakiyar shekarun 1990, da yawansu giya ce ke cizon giya: ƙarfi ya sauka ta wani sanda na gefe ya dawo a rage. Na baya-bayan nan kuma kaca ce ke kai ƙarfi gaba, ninkin kuma ana samunsa ta wani tsari mai kama da rana da taurari. Ƙaramar giya ce a tsakiya, wasu ƙanana suna zagaye ta, dukkansu a cikin wani zobe mai haƙora ta ciki. Idan aka riƙe zoben ya tsaya cak, ninkin shi ne haƙoran zobe a raba da na giyar tsakiya, a ƙara ɗaya. Zobe mai haƙora 60 da ta tsakiya mai 40 za su ba da 2.5.

Kowane kamfani da nasa zaɓin. Tsohuwar Hilux mai giya zalla 2.28 ce. Hilux ta 2005 zuwa sama da Prado da yawa 2.566. Land Cruiser 80 da 100, da 79 mai injin V8, 2.488. Land Cruiser 200 kuma 2.618. Suzuki Jimny ta yanzu kusan 2 ce daidai. Jeep Wrangler ta gama-gari 2.72, Land Rover Defender ta da kimanin 3.3, sai Wrangler Rubicon da aka fara yi a 2003 musamman domin dutse, wadda tata 4 ce. Abin lura shi ne motocin da suka yi suna a Sahara da Sahel da yawansu suna tsakanin 2 da 2.7.

A buɗe kalkuleta

A ɗauki Hilux mai dizal ta tsakanin 2005 da 2015, mai giyar hannu biyar samfurin R151F. Giyarta ta ɗaya 4.313 ce, ta biyu 2.330, ta uku 1.436, ta huɗu 1.000, ta biyar 0.838. Ninkin aksil ya bambanta daga mota zuwa mota. A ɗauka 3.909, wanda yana cikin waɗanda Toyota ta saka. A jikin motocin Toyota akwai wani ƙaramin allon kamfani mai ɗauke da lambar giyabos da ta aksil, kuma da ita ake gano na kowace mota.

Ninkin gaba ɗaya shi ne a riɓanya ukun. Giya ta ɗaya a H4: 4.313 sau 1 sau 3.909, ya ba da kusan 16.9. Giya ta ɗaya a L4: 4.313 sau 2.566 sau 3.909, ya ba da kusan 43.3. Ma'ana inji zai juya sau 43 kafin taya ta juya sau ɗaya. Wannan lambar ita ce masu hawan dutse ke alfahari da ita, suna kiranta ninkin rarrafe.

Daga nan gudu. Tayar irin wannan mota tana cin kimanin mita 2.4 a juyi ɗaya. A riɓanya juyin inji a minti da 2.4, a riɓanya da 0.06, a raba da ninkin gaba ɗaya, abin da ya fito shi ne kilomita a awa. Idan inji na juyi 1,000 a minti, giya ta ɗaya a H4 tana tafiyar kilomita 8 da rabi. A L4 kuma kilomita 3.3, ƙasa da tafiyar mutum a ƙafa. A nan sirrin kuloci yake. Direban da ke son tafiyar kilomita 3 a H4 ba shi da wata hanya sai ya riƙe kuloci rabi, faifan yana goga yana zafi. A L4 zai saki kuloci gaba ɗaya, ya ɗauke ƙafarsa, mota ta yi wannan tafiyar da kanta. Warin da ake ji a bakin ƙorama kuɗin sabon faifan kuloci ne ke ƙonewa.

Sai ƙarfin ja. Wani samfurin injin dizal mai lita 2.5 na wannan Hilux yana ba da ƙarfin murɗawa 260 Nm. A giya ta ɗaya H4 ya zama kusan 4,400 a tayoyi, a L4 kuma sama da 11,000, kafin a cire ɗan abin da gogayya ke ci. Idan aka raba da tsawon da ke tsakanin tsakiyar taya da ƙasa, kimanin mita 0.38, H4 tana tura mota da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin tan ɗaya da ɗoriya, L4 kuma kusan tan 3. Motar kanta ba kaya ba ta wuce tan 2 ba.

Wannan lambar ta ƙarshe ita ce ta kashe maganar. Taya ba ta iya tura mota fiye da yadda ƙasa ta riƙe ta. Ko a busasshiyar kwalta, riƙon bai cika wuce nauyin motar ba, a rairayi kuwa ya yi ƙasa da haka nesa. Wato L4 ɗin kamfani ta riga ta ba da ƙarfin da ya fi abin da yashin Mashi zai iya ɗauka. Duk ƙarin da aka yi a kai, haƙa rami zai tafi yi.

Rairayi ba dutse ba ne

A kan dutse ƙasa tana riƙe taya da kyau, haɗarin shi ne sauri. Mota ta yi tsalle ta faɗo, aksil ya karye ko ƙarƙashinta ya fashe. Shi ya sa mai hawan dutse ke son tafiyar da ba ta kai kilomita ɗaya a awa ba, yana ɗora taya a inda yake so kamar mai ɗora bulo. Rairayi akasin haka yake. Taya tana nutsewa kaɗan, yashi ya taru a gabanta, sai ya zama kullum mota tana hawa wani ɗan tudu da ba ya ƙarewa. Abin da ke ceton ta shi ne tafiya madaidaiciya wadda ba ta yankewa, ba gudu ba, ba kuma rarrafe ba, tare da inji a inda yake da ƙarfi.

A nan L4 ke yin wani aiki da ba a cika faɗa ba. A koma kan wancan lissafi, inji yana juyi 2,500. A H4 giya ta ɗaya tana ba da kilomita 21 a awa, ta biyu kusan 40. Tsakaninsu babu komai. Direba mai kaya a yashi yakan rasa ta yi: a ta ɗaya inji na kuka yana zafi, ya saka ta biyu inji ya shaƙe. Mafi muni, a daƙiƙar da ya taka kuloci domin sauya giya, yashi ya riga ya tsayar da motar, domin mota ba ta gangarawa a rairayi. A L4 kuwa, giya ta ɗaya 8 ce, ta biyu 15, ta uku 25, ta huɗu 36. Matakan sun matso kusa da juna, kuma ta uku da ta huɗu sun faɗa daidai cikin wancan giɓin. Ƙwararrun direbobin yashi sukan tashi da ta biyu a L4, su zauna a ta uku, su bar ta nan har su fita. Giya ta ɗaya a L4 ba ta cika amfani a yashi ba, sai wajen jan wata mota, ko hawa gaɓar ƙorama da kaya, ko sauka gangare inda ake so inji ya riƙe mota a madadin birki.

Yanzu a ce an cire 2.566 an saka 4.7 irin ta bidiyo. Giya ta ɗaya ta zama ninki 79, abin sha'awa a hoto. Amma a juyi 2,500 ta uku ta koma kilomita 14, ta huɗu 20, ta biyar 23. Wato giyar ƙarshe a L4 da kaɗan ta wuce giya ta ɗaya a H4. Matakan 25 da 36 da ke cike giɓi sun tafi, direba ya koma inda ya fito, ga shi kuma ya kashe kuɗi. A duwatsun Azbin na Nijar ko wata muguwar hanya a tsaunin Mambila, ana iya samun wanda wannan zai amfana. Tsakanin Mashi da iyaka, da wuya.

Hanyoyin sauya ninki, da wadda ke da ma'ana a nan

Hanya ta farko ita ce sauya giyoyin cikin taransifa kawai. Kamfanin Marlin Crawler da ke Fresno a jihar Kalifoniya ya yi suna da giyoyi masu ninki 4.7 domin tsohon akwatin Toyota mai giya zalla. Kyawunta shi ne ba ta taɓa H2 da H4, tafiyar kwalta tana nan yadda take. Aibinta shi ne wanda aka gani a sama.

Ta biyu ita ce jera akwati biyu, ɗaya a bayan ɗaya, wadda shi wannan kamfani ya yaɗa tun shekarun 1990. Direba yana da sanda biyu: ya saka 2.28 kaɗai, ko 4.7 kaɗai, ko duka biyun su ba da kusan 10.7. Wannan ta magance matsalar yashi, tunda 2.28 tana nan. Amma dole a rage tsawon farfelar baya, a ƙara ta gaba, a gyara mazaunin giyabos. Ta uku ita ce cire akwatin kamfani gaba ɗaya a saka irin Atlas na kamfanin Advance Adapters, wanda ake zaɓar masa ninki kamar 3.8 ko 4.3 ko 5. Duka waɗannan da dala ake sayo su daga waje, kuma ranar da wani abu ya karye a ciki, ba a layin 'yan sifiya na Katsina ko Ƙofar Ruwa a Kano za a same shi ba. Motar da ake ci da ita ba ta jure zaman wata guda tana jiran kaya daga Amurka.

Hanya ta huɗu ce ke da hujja a wannan yanki, kuma dalilinta taya ne. Matasa na son manyan tayoyi, kuma a yashi babbar taya tana da amfani na gaske. Sai dai babbar taya tana rage ninki a ɓoye. Daga mai tsayin inci 31 zuwa mai 33, an yi asarar kusan kashi 6 cikin ɗari na ƙarfin ja a kowace giya. Zuwa mai 35, gudun kowace giya ya ƙaru da kusan kashi 13, ƙarfin ja kuma ya ragu da kusan kashi 11. Mota ta yi nauyin tashi, kuloci ya ƙara shan wahala, agogon gudu ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Maganin shi ne sauya giyar aksil, misali daga 3.909 zuwa 4.3 ko 4.56, waɗanda Toyota da kanta ta saka wa wasu motocinta, don haka ana iya dacewa da su a kayan gwanjo. Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi: na gaba da na baya su zama iri ɗaya. Aksil na gaba 3.909 na baya 4.3 yana nufin tayoyin gaba da na baya suna faɗa da juna duk lokacin da aka saka ƙafa huɗu. Wannan kuskure yakan faru ko ba da niyya ba, idan an sayo aksil ɗin gwanjo an ɗaura ba a ƙirga haƙora ba.

Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan aiki a yashi, kuma kusan kyauta ne: rage iska. Taya mai iska 35 ko 40 tana taka ƙasa da ɗan wuri, tana yanka yashi. Idan aka sauke ta zuwa wajen 18 ko 20, sawunta yana tsawo, nauyi ya bazu, mota ta hau bisa yashi a madadin nutsewa. Mota mai kaya da yawa ba a sauke mata har can, kuma taya mai ƙarancin iska tana buɗe gefenta ga ƙayar aduwa da kututturen gona, sannan ba ta son a murɗa sitiyari da ƙarfi. Dole kuma a mayar da iskar kafin a hau kwalta a yi gudu, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe. Ƙaramin geji da famfon da ke aiki da batirin mota sun fi kowace giyar waje rahusa, mai faci kuma ba ya zama a tsakiyar ƙorama.

Yadda ake saka ta ba tare da an karya wani abu ba

Ana shiga L4 ne mota a tsaye. Mai giyar hannu ya taka kuloci har ƙasa, mai otomatik ya saka N, sannan a ja sandar. Hilux ta 2015 zuwa sama maɓallin murɗawa gare ta a madadin sanda, amma dokar ɗaya ce. Tsofaffin motoci da yawa suna da wani abin murɗawa a tsakiyar tayoyin gaba, an rubuta masa FREE da LOCK. Idan yana FREE, ko an saka L4 tayoyin gaba ba sa ja, kuma duk wancan ƙarfin tan 3 yana sauka a aksil ɗin baya shi kaɗai. Lokacin sakawa kuma shi ne kafin a shiga yashi, ba bayan mota ta zauna a kan cikinta ba. Idan ta fara kafewa, a ɗaga ƙafa daga totur nan take, a gwada ribas a kan sawun da aka shigo da shi.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne mantawa da ita a kan kwalta. A kwana, tayoyin gaba suna bin hanya mafi tsawo fiye da na baya. A Hilux da Land Cruiser 79, H4 da L4 suna ɗaure farfelar gaba da ta baya su juya daidai wa daida. A yashi taya tana ɗan zamewa, bambancin ya tafi. A kwalta babu zamewa, sai ƙarfen ya riƙa murɗewa: sitiyari ya yi nauyi, taya ta riƙa ƙara a kwana, sanda ta ƙi fita, ƙarshe kaca ko wani haɗi ya tafi. Prado da manyan Land Cruiser irin 100 da 200 suna da wata giya ta tsakiya da ke ba da damar wannan bambanci, shi ya sa suke tafiya da ƙafa huɗu kullum. Su kuma a yashi sai an kulle ta.

L4 ba ta maganin komai. Idan taya ɗaya ta gaba da ɗaya ta baya suka rasa riƙo, aksil na gama-gari yana tura juyi ga wadda ke lilo, mota ta tsaya duk da ƙafa huɗu. Wannan aikin makullin aksil ne, wanda wasu Hilux ke da shi a baya, kuma a L4 yake shiga. Masu otomatik su ma kada su ce ba ruwansu. Ba su da kulocin da zai yi wari, amma man giyabos ne ke ɗaukar zafin idan aka daɗe ana fama a H4, kuma shi ba ya sanarwa sai ya yi ɓarna.

Motocin da ba su da ita, da gwajin waya

Ba kowace mota mai tambarin 4WD ko AWD ke da L4 ba. RAV4, Highlander da Honda CR-V ba su da ita, an yi su ne domin titi mai santsi. Wasu kamfanoni kuma sun gwada maye gurbinta. Volkswagen Amarok mai otomatik takwas ta fito babu L4, an dai sa giyarta ta ɗaya ta yi ƙasa sosai. Motocin lantarki sun sake sauya lissafin, domin motarsu tana ba da cikakken ƙarfin murɗawa tun daga tsaye: Rivian R1T ta Amurka ba ta da taransifa ko kaɗan. Duk da haka, da Mercedes ta fito da G-Class mai lantarki a 2024, sai da ta saka wa kowace daga motocinta huɗu ƙaramar giya ta ƙasa. Toyota kuma tun Land Cruiser 200 ta 2007 take da Crawl Control, inda kwamfuta ke sarrafa totur da birkin kowace taya, direba sitiyari kawai yake riƙewa. Ita ma sai an shiga L4 take aiki.

Ga mai shirin sayen tsohuwar a-kori-kura, abin tsoro ya fi kusa da gida. Akwai Hilux da yawa masu tsayi da kamannin ƙafa huɗu, alhali baya kawai suke ja tun daga kamfani. Akwai kuma waɗanda aka yi su da ƙafa huɗu, amma wani abu ya lalace a gaba, aka cire farfelar gaba aka ci gaba da aiki. Fitilar da ke kunnuwa a dashbod ba shaida ba ce, tana iya kunnuwa ƙarƙashin mota wayam. A durƙusa a duba: farfela biyu ya kamata su fito daga taransifa, ɗaya gaba ɗaya baya.

Sauran gwajin waya ce za ta yi. A samu fili mai ƙasa, ba kwalta ba, wani ya zauna gefen direba da manhajar auna gudu ta GPS. A saka H4 da giya ta biyu, a riƙe inji a juyi 1,500, a miƙe, a rubuta gudun. A tsaya, a saka L4, a maimaita da giya ɗaya da juyi ɗaya. A motar da aka yi lissafi da ita, na farko zai kai wajen kilomita 24, na biyu wajen 9. A raba na farko da na biyu, ya kamata a samu kusan 2.5 ko 2.6. Idan sanda tana fita da kanta a L4 lokacin da aka taka ko aka saki totur, akwatin ya ci.

Daga nan a kai motar kan yashi mai laushi, a tabbata abin murɗawar tayoyin gaba yana LOCK idan tana da shi, wani ya tsaya nesa kaɗan a gefe ya ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya yayin da direba ke tashi da ɗan ƙarfi. A bidiyon za a ga ko tayoyin gaba suna watsa yashi baya kamar na baya, ko kuwa gangarawa kawai suke yi ana tura su. Idan gangarawa suke yi, motar mai jan baya ce, kuma da farashin mai jan baya za a fara ciniki da dillali.